Hasken da Ya Dace da Hoton Mota

Jikin mota madubi ne. Duk abin da ke kewaye da ita, sama, bishiya, har kai mai kyamarar, zai fito a fentinta. Don haka kafin ka nemi fitila, nemi fili marar tarkace, ka goge motar tas, domin ƙurar hunturu na dusashe sheƙin fenti.

Guje wa tsakar rana. Hasken lokacin yana zuba fari fat a kan rufi da bonet, ya bar tayoyi cikin duhu. Hantsi na fari, ko dab da magariba, ko ranar da gajimare ya rufe sama, su ne lokutan aiki.

Idan abu ɗaya kuɗinka zai saya, sayi gilashin CPL da ake ɗaurawa a bakin lens. Kana juya shi a hankali za ka ga ƙyallin gilashin gaba ya gushe. Yana rage haske kaɗan, saboda haka kafa kyamara a kan ƙafa uku.

Filashin kyamara kuwa, kashe shi; ɗigon fari kawai yake bari a ƙofa. Da dare ka sa ISO 100 da f/8, ka bar shata a buɗe daƙiƙa 20 zuwa 30, ka zagaya motar da doguwar fitilar LED da aka lulluɓe da farin ƙyalle, kana tafiya ba tsayawa. Sanya baƙaƙen kaya don kada ka bayyana. Baƙar mota ta fi kowace wahala, ka fara koyo da fara ko ruwan toka.