Daɓen Gareji a Malanville: Tun Ran Gini Tun Ran Zane

Ƙasar Malanville ba irin ta Kandi ko Paraku ba ce. Gari ne na kwari, kogin Kwara ya raba shi da Gaya, ga kogin Sota yana zuba ruwansa a cikin Kwara ba nisa da gari. Ruwan da ke raya shinkafa da albasa shi ne kuma yake kwance ƙarƙashin gidajen unguwannin gangare, inda rijiya ba ta nisa. Don haka duk mai son gyara daɓen garejinsa a nan, kafin ya tambayi launin fenti, ya fara tambayar abin da ke ƙarƙashin daɓen. Laima daga ƙasa take kashe daɓe, ba daga sama ba.

Garejin garin nan kuma ba na mota kaɗai ba ne. Babur yana ciki da ƙafarsa ta ƙarfe mai ƙwaƙule siminti, ga jarkar fetur a lungu, ga buhunan shinkafa ko albasa suna jiran kasuwar ƙarshen mako. Daɓen da zai ɗauki wannan sai ya jure nauyi, ya jure baƙin mai, kuma ya hana laima taɓa kaya.

Ciko da kankare

In sabon gini ne, ka ɗaga daɓen ya fi tsakar gida da titi tsawo, ko da da taki ɗaya ne, don ruwan Agusta da Satumba kada ya mayar da garejin tafki. A yi ciko da jar ƙasa, ba da ƙasar fadama ba, domin laka tana kumbura da damina ta tsuke da rani, kankaren da ke kanta ya tsage. A zuba cikon kaɗan-kaɗan, kaurin santimita 10 zuwa 15, a yayyafa ruwa, a kirɓe shi sosai kafin a ƙara wani.

Bayan nan a baza yashi, a shimfiɗa leda mai kauri, bakin kowace ya hau kan 'yar'uwarta, gefenta ya ɗan hau bango. Wannan ledar ita ce mafi araha a cikin kayan aikin, ita ce kuma mafi amfani. In magini ya ce, "Alhaji, ai ba sai da leda ba," ka ce masa, "Malam, a sa dai, ni zan biya."

Ƙaramar mota kankare mai kaurin santimita 10 ya ishe ta. In akori-kura ce mai ɗaukar kaya, a kai 12 zuwa 15, da ragar ƙarfe a tsakiyar kankaren, ba kwance a ƙasa ba. Ma'aunin da aka saba shi ne kilo 350 na siminti a kowace mita kubik, wato buhu 7 masu kilo 50. Gareji mai faɗin mita 3 da tsawon mita 6, a kaurin santimita 10, zai ci kusan buhu 13. Wanda ya ce maka buhu 8 sun isa, yashi zai sayar maka. Yashin kogi kuwa a gwada shi: zuba shi a kwalba da ruwa, girgiza, ajiye. In laka mai kauri ta kwanta a samansa, a wanke shi ko a nemi wani.

A karkatar da daɓen zuwa ƙofa, santimita 1 zuwa 2 a kowace mita. Kada a cika ruwa a kwaɓi don aiki ya yi sauƙi, kada kuma a barbaɗa busasshen siminti a sama don ya yi sheƙi. Wannan ɓawon shi ne yake ɓarewa, daɓe ya yi ta fitar da gari. A zafin Maris da Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40, a zuba kankare da sanyin safiya ko da yamma, a rufe shi da jiƙaƙƙun buhuna, a yi ta ba shi ruwa kwana 7.

Me za a sa a kai?

Daɓen siminti tsurarsa, in an yi shi da kyau, ya wadatar da yawancin gidaje. Aibinsa ɗaya: yana shan baƙin mai. A ajiye tiren ƙarfe da yashi a ƙarƙashin inji, magana ta ƙare.

Fentin bango ko fentin mai na ƙofa ba na daɓe ba ne. Taya mai zafi da ta taso daga Kandi da rana tsaka za ta ɗago shi, fetur kuma ya narkar da shi.

Fentin ifoksi mai gwangwani biyu, wanda ake haɗawa kafin a shafa, shi ne mai jure mai da fetur, shara da wanki kuma ba wuya. Sai dai ba ya shiri da laima ko kaɗan, rana tana dusashe launinsa, kuma galibi sai an yi saƙonsa daga Kwatano, tafiyar sama da kilomita 700. A sayi isasshe lokaci guda, a duba ranar lalacewarsa.

Tayil ya dace da gidan da laima ba ta da yawa, in an zaɓi mai kauri mai kaushi, aka cika bayansa da siminti ba rami. Ƙwanƙwasa shi da makulli: wanda ya yi ƙarar ganga, shi ne zai fara fashewa. Mai santsi kuwa, da ruwa ya taɓa shi, babur zai kayar da mai shi.

Inda ruwa ke shiga kowace damina, ko rumfa ce ba bango, bulon shimfiɗa irin na titunan biranen Benin ya fi komai. Mai kaurin santimita 6 ya isa ƙaramar mota, 8 ga mai nauyi. In wani wuri ya lotsa, a cire, a gyara yashi, a mayar. Ledar tsakar ɗaki ita kam a bar ta a ɗaki. Ɓoye laima take yi har daɓe ya yi fumfuna.

Shiri kafin fenti

Sabon kankare sai ya cika kwana 28. Daga nan a yi gwajin laima: yanko leda kamar rabin mita kowane gefe, liƙe gefunanta da salatif a kan daɓe, bar ta kwana ɗaya. In ka ɗaga ka ga raɓa ko wurin ya yi duhu, ajiye gwangwanin. Farin gari mai kama da kanwa a gindin bango shi ma shaida ce ruwa yana hawowa. A yi gwajin a ƙarshen damina. Wanda aka yi da bazara ruɗi ne.

Tabon mai a wanke shi da omo da ruwan zafi da burushin ƙarfe, har sai ɗigon ruwa ya shige maimakon ya tsaya dunƙule. A cike tsagu, a goge daɓen da inji ya yi kaushi, a share ƙurar tsaf. Mai gugar ya rufe hanci da ido.

Lokacin shafa ifoksi shi ne daga Nuwamba zuwa Janairu, bayan ƙasa ta tsane, zafi bai iso ba. A toshe ƙurar hunturu da labule, amma a bar iska ta ratsa, a nisanta jarkar fetur da wuta. A haɗa kaɗan-kaɗan bisa ma'aunin da ke jikin gwangwani, domin zafi yana daskarar da haɗin da wuri. A shafa da la'asar, lokacin da daɓe ke hucewa, don kada kumfa ta taso. Shafi biyu, a barbaɗa yashi mai laushi a na farko saboda santsi. Bayan kwana ɗaya a taka da ƙafa, mota kuwa ta jira mako guda.

In kuɗin bai kai duka ba, a zuba shi a ciko, leda da siminti. Fenti ko tayil ana iya sa su baɗi. Ledar da ba a shimfiɗa ba kuwa, sai an fasa daɓen gaba ɗaya.