Darasi na Tara: Amarya a Lokacin Yaƙi

Ɗalibai, idan kun je tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, ku dubi layin dogon da ya miƙe kudu zuwa Makurɗi da Inugu. Ta wannan hanya ce ɗimbin jama'a suka koma Gabas a 1966, sa'ad da tarzoma ta tashi a Arewa. A watan Yulin 1967 kuma yaƙin basasa ya ɓarke. Mai riƙe da ragamar mulki a lokacin shi ne Yakubu Gowon, soja ɗan shekara 32 wanda ya girma a Wusasa ta Zariya, bai kuwa yi aure ba tukuna. Matar da ya aura daga baya ita ce darasinmu na yau.

Sunanta Victoria Hansatu Zakari. An haife ta a Zariya a 1946, ta kuma koyi aikin jinya a asibitin koyarwa na Ibadan. Ranar 19 ga Afrilu 1969 aka ɗaura musu aure a babban cocin Angilika da ke Marina, cikin Legas. Amarya tana da shekara 22, wutar yaƙi kuwa tana nan tana ci.

Bikin ya jawo ka-ce-na-ce. Masu suka sun ce bai dace shugaba ya yi shagali ba alhali sojoji suna faɗuwa a fagen fama, yara kuma suna mutuwa da yunwa a Biyafara. Ku lura da wannan: tun daga ranar farko, auren Victoria ya zama abin da dukan ƙasa ke sa wa ido. Wannan shi ne nauyin da matar shugaba take ɗauka.

Bayan wata tara, a Janairun 1970, yaƙi ya ƙare. A 1973 ta raka mijinta ziyara Ingila, inda Sarauniya Elizabeth ta karɓe su da girmamawa. Amma Hausawa sun ce duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Ranar 29 ga Yuli 1975 sojoji suka hamɓarar da Gowon yana wurin taro a Kamfala ta Uganda. Iyalin suka zauna a Ingila, maigida ya koma ɗalibi a Jami'ar Warwick, uwargida ta riƙe gida da yara. Sai a 1981 Shugaba Shehu Shagari ya yi masa afuwa. Mulkin nan shekara tara ya yi, auren kuwa ya haura shekara hamsin.

Sababbin Kalmomi
ragama: igiyar jan doki, a nan, ikon mulki
jinya: kula da marar lafiya
ka-ce-na-ce: gardama
hamɓarar: tumɓuke daga mulki
afuwa: yafewa

Tambayoyi
1. Wane aiki Victoria ta koya, kuma a ina?
2. Me ya sa aka soki bikin aurenta?
3. Yaya rayuwarta ta sauya a 1975?
4. Bayyana ma'anar karin maganar da ke cikin darasin.

Aikin Aji
Ku rabu gida biyu, ku yi muhawara a kan wannan batu: Shin ya dace shugaba ya yi bikin aure ƙasarsa tana cikin yaƙi?