Kafin ka sayi sabon batir

A Tishigu, kamar sauran unguwannin Tamale, babur ne ƙafar mutane: mata da maza, 'yan kasuwa da malaman makaranta. Shi ya sa idan batir ya daina riƙe caji, sai a garzaya a sayi sabo. Sau da yawa kuwa laifin ba nasa ba ne.

Fara duba kawunan batirin. Farin gari ko kore-kore da ya taru a kai, ko noti da ya saki saboda gargadar hanya, ya isa ya hana wuta shiga. Kankare, ka ɗaure.

Sannan a sa mita. Batir mai volt 12 da ya kwana a huce, lafiyayye yakan nuna kusan 12.6. Tayar da injin, ka ɗan murɗa totur: ya kamata ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. In bai motsa ba, rektifaya ko kwayil ne ya gaza, kuma sabon batir ma kwana kaɗan zai yi ya mutu. In ya zarce 15, dafa batirin ake yi. Wannan gwajin ne makanikai da yawa ke tsallakewa, don sayar da batir ya fi sauri.

Zafin Maris da Afrilu na shanye ruwan batir mai murfi. Ƙara masa ruwan batir da aka tace, banda na famfo, banda asid.

In duk wannan lafiya lau amma batirin yana wayar gari a mace, cire wayar ƙasa da dare. In ya kwana da ƙarfinsa, to wata fitila ko cajar waya da aka jona ce ke tsotse shi.