Amsar Tambayoyi: Kamo Ƙwayar Bairos da Maganaɗisu

Wasiƙa daga Ikara na tambaya: ta yaya maganaɗisu ke gano ƙwayar cutar da ido ba ya gani?

Maganaɗisu ba ya jan bairos, domin bairos ba ƙarfe ba ne. Abin da yake ja wasu mitsi-mitsin ƙwayoyi ne da ake haɗawa daga sinadarin ƙarfe dangin tsatsa. Da nanomita ake auna su, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita, kuma ƙwayar mura kanta ba ta wuce kimanin nanomita 100 ba.

Ana lulluɓe su da wani sinadari mai manne wa bairos ɗin da ake nema, ko kayan halittar da ke cikinsa, sannan a zuba su cikin jini ko majinar da aka ɗebo. Idan sun kama, sai a kara maganaɗisu a jikin kwalbar, su taru gefe guda, kamar yadda ake tsince allura daga cikin rairayi. A zubar da sauran ruwan, a wanke, a miƙa abin da aka kamo ga na'urar PCR ta tabbatar da cutar. A 2020 masanan jami'ar NTNU ta Norway sun yi wa gwajin korona irin waɗannan ƙwayoyi, lokacin da kayan gwaji suka yi ƙaranci.

Wani mai kiwon kaji daga Makarfi ya ce, me talaka zai amfana? Saurin sakamako. A farkon 2006, da murar tsuntsaye nau'in H5N1 ta ɓulla a wata gonar kaji a Jaji, karon farko a Afirka, sai da aka kai samfuri Padua ta Italiya kafin a tabbatar. Masana na cewa wannan dabara ta maganaɗisu na rage wahalar tace samfuri, na'ura guda kuma ta yi da yawa a lokaci ɗaya. Shi ya sa ya kamata ɗakunan gwaji na kusa, irin na Zariya, su wadatu da ita.

Daga Kudan kuma, tambayar nan ta sake dawowa: ko ɗora maganaɗisu a jiki na fitar da cuta? An sha amsa wannan, jama'a: ba ya fitarwa. A cikin kwalba ake aikin, don gano cuta. Mai zazzaɓi ya nufi asibiti.