Yadda Ake Koyon Bincike Tare da Al'umma ta Hanyar Karatu Daga Nesa

Duk wanda ya daɗe yana aikin raya karkara ya sha ganin wannan: mota ta shigo gari da hantsi, samari sun sauko da takardun tambayoyi, sun cika su a gindin dalbejiya, kafin la'asar sun kama hanya, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Bayan shekara sai a ga an haƙa rijiya a inda mata ba sa zuwa, ko an gina rumfuna a kasuwar da ta daina ci. Don maganin irin wannan asara aka fito da binciken haɗin gwiwa da al'umma, inda mutanen gari ke zaɓen abin da za a bincika, su tattara bayanan da hannunsu, su tantance, sakamakon kuma ya zama nasu. Dama mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wannan hanya ta samo tushe daga aikin Paulo Freire na Brazil kan ilimin manya, da na Orlando Fals Borda a tsakanin manoman Kolombiya, da na Budd Hall a Tanzaniya a farkon shekarun 1970. A Indiya, Rajesh Tandon ya kafa cibiyar PRIA a birnin Delhi a 1982, kuma tana cikin masu koyar da fannin daga nesa. A 2012 hukumar UNESCO ta ɗora Hall da Tandon a kan kujerar da ta ware wa irin wannan bincike, horon da suke bayarwa kuwa ya haɗa karatu ta intanet da ganawa ido da ido da aiki a cikin jama'a.

Karatu daga nesa ba baƙo ba ne a wurinmu. Cibiyar horar da malamai ta NTI da ke Kaduna an kafa ta tun 1976, jami'ar karatu daga nesa ta NOUN kuma ta dawo aiki a 2002. Amma a wannan fanni nisan ma riba ne. Malamin gona ko ma'aikaciyar lafiya ba sai sun bar bakin aiki ba, kuma garin da suke yi wa hidima shi ne ɗakin gwajinsu. Ga yadda abin yake tafiya.

Mataki na farko: zaɓen kwas

Kafin ka biya ko sisi, yi tambaya uku. Akwai aikin fili da dole a yi a cikin wata al'umma? Akwai malami mai duba aikinka ya mayar maka da gyara? Ana iya sauke darussa a waya a karanta ba tare da intanet ba? Kwas ɗin da iyakarsa kallon bidiyo da amsa tambayoyi zai ba ka takardar shaida, amma ba zai koya maka zama a tabarma ka yi shiru ba, alhali rabin aikin ke nan.

Mataki na biyu: shirya lokaci da kayan aiki

Yawancin masu irin wannan karatu ba wuyarsa ke kayar da su ba, rashin tsari ne. Ware lokaci tsayayye, ko bayan sallar asuba ko bayan isha'i. Ranar da ka shiga birni inda sabis yake da ƙarfi, sauke darussan mako gaba ɗaya. Tanadi abin cajin waya, da littafin rubutu mai kauri wanda za ka riƙa rubuta abin da ka gani da abin da ya ba ka mamaki kowace rana. Ka kuma sanar da shugabanka a ofis tun da wuri, domin aikin fili zai ci wasu ranakun aiki.

Mataki na uku: shiga gari ta ƙofa

Makonnin farko karatu ne da muhawara da 'yan ajinku, waɗanda wataƙila wani yana Kenya wata tana Bangaladash. Daga nan sai a ce ka zaɓi al'umma. Fara da gaisuwa wurin dagaci ko mai unguwa, ka je wurin liman, ka nemi shugabar mata da ta matasa. Faɗi gaskiya ƙarara: "Ranka ya daɗe, karatu nake yi, ban zo da tallafi ba." In ka bari aka zaci rabon kaya ne, kowa zai zama matalauci a bakinsa, bayananka kuma su lalace tun ba a fara ba. Nemi yardar kowane mutum kafin ka ɗauki muryarsa ko hotonsa. In kai namiji ne, nemi abokiyar aiki mace da za ta shiga gidaje, don a inda ake kulle taron dandali rabin gari kawai yake nunawa.

Mataki na huɗu: haɗuwa a kan tambaya

Kai ka zo da batun taki a ranka, su kuwa abin da ke hana su barci shi ne burtalin da aka cinye da noma har ake rikici da makiyaya. Tasu tambayar ita ce ta gaba. A zaɓi mutum biyar ko shida daga cikinsu, maza da mata, su zama abokan bincike, a kuma yarda tun farko a kan wanda zai riƙe bayanan da abin da za a yi da su.

Mataki na biyar: aikin fili

Nan ne zuciyar karatun. Dabarun da Robert Chambers na Jami'ar Sussex a Ingila ya yayata a shekarun 1990 ba sa buƙatar boko, kuma babbar ƙa'idarsu ita ce baƙo ya miƙa sandan nuni ga mutanen gari ya koma gefe.

Ɗauki zanen taswira. A share fili a inuwa. Wani ya ja layi da kara ya ce ga hanyar mota. A sa dutse a matsayin masallaci, toka ta zama kududdufi, ganye ya zama fadama, tsakuwa ta zama gidaje. Da farko za a yi ta dariya ana noƙewa, can sai gardama ta kaure. Wata tsohuwa ta sunkuya ta ɗauke dutsen da aka ce rijiya ce ta ce, "Wannan ai tun bara ruwanta ya yi gishiri, a rafi muke ɗiba." Wannan magana guda ta fi shafi goma na takardar tambayoyi. Kai naka shi ne kallo, da tambayar "me ya sa?", da rubuta gardamar kanta. In an gama, a kwafe taswirar a takarda biyu, ɗaya ta zauna a gari.

Haka ake yin kalandar shekara. A ja layi huɗu: bazara, damina, kaka, hunturu. A ba mutane ƙwayar wake su zuba gwargwadon yawan zazzaɓi, ko bashi, ko aiki a kowane lokaci. In mata suka yi tasu dabam, sau da yawa sai a ga tarin wakensu ya sha bamban da na maza. Sai kuma zagayen gari da ƙafa tare da dattijo da matashi, daga wannan gefe zuwa wancan, ana tafe ana tambaya. Irin wannan taswira da zagaye su ne jigon shirin tsaftar muhalli da Kamal Kar ya faro a Bangaladash, wanda aka yi aiki da shi a Jigawa, jihar da aka fara ayyanawa a Nijeriya, a 2022, a matsayin wadda ta rabu da bahaya a fili.

Mataki na shida: komawa aji

Da dare ka ɗora hoton taswirar da bayaninka a shafin kwas, bayan ka cire sunayen mutane. Malami nagari zai tambaye ka: wa ya fi magana? Wa bai zo ba? Ina makiyayan da ke bayan gari, ina zawarawa, ina masu lalura? Kada ka ɓoye kuskure don neman maki. Rahoton da ya ce "na katse dattijo sau uku, taron ya mutu" ya fi koyarwa a kan wanda ya ce komai ya tafi daidai. Gyaran da aka ba ka, koma gari ka gwada shi a mako na gaba. Wannan kai da komo tsakanin waya da dandali shi ne karatun.

Mataki na bakwai: mayar da amana

Kafin ka miƙa rahoton ƙarshe, kira taro ka faɗi abin da aka gano da Hausa, ko da harshen da garin ke ji, abokan binciken su ne a gaba. A bar mutane su ce nan an yi daidai, nan an yi kuskure, wannan kuma kada ya fita waje. Daga nan su yanke abin yi: wanda za su iya da gayya, da wanda za su kai wa ƙaramar hukuma da taswirarsu a hannu.

Takardar shaida za ta iso ta imel bayan an duba rahoto. Sakamako na biyu kuwa sai ka koma garin bayan damina za ka gan shi. In ka tarar an ciro taswirar nan daga jakar mai unguwa, ta yi datti saboda yawan taɓawa, an ƙara mata rijiyar da babu ita lokacin da kake nan, to ka ci jarrabawa.