Amsar Tambaya: Hotuna da haruffan shafina sun ƙi fitowa

TAMBAYA: Na gina wa mahaifina shafin intanet don tallata takalman da yake sayarwa a kasuwar Ƙofar Wambai. A kwamfutata komai lafiya lau, amma da na ɗora shi, hotuna suka ƙi buɗewa, ƙ da ɗ da ɓ kuma suka koma akwatuna. Ina mafita?

Mai karatu, Ƙofar Wambai, Kano

AMSA: Madalla da wannan himma.

Fara duba sunayen fayilolinka. Windows ba ya bambanta babban baƙi da ƙarami, amma yawancin sabobi da Linux suke aiki, kuma a wurinsa Takalmi.jpg daban, takalmi.jpg daban. Danna F12 a burauza don ganin fayilolin da suka ƙi buɗewa. Duk fayil ɗin da ya nuna 404, wato ba a same shi ba, ko dai sunansa bai dace ba, ko adireshinsa na nuni da cikin kwamfutarka, ko kuwa ba ka ɗora shi ba.

Batun haruffa kuwa, ba kowane salon rubutu ne ke ɗauke da haruffa masu lanƙwasa ba. Noto Sans na Google da Andika na SIL suna da su. Ka ajiye salon rubutun a sabarka a tsarin WOFF2, ka kuma sa shafin a UTF-8.

Hotunan ka mayar da su WebP, ka rage musu nauyi, domin masu sayen kayanku da waya suke shiga, kuma data da tsada.

Kafin ka sanar da jama'a, gwada shafin a ƙaramar wayar wani maƙwabcin shago. In ya buɗe a can, aiki ya yi. Allah ya kawo kasuwa.