Filin Gwaggo: Ɗanyen Ganye da Busasshe Ba Awonsu Ɗaya Ba

 Wata huɗu ke nan da aka kawo ni Dutsin-Ma daga Kurfi. Da damina ina sa ɗanyar daɗɗoya a miya, maigida yana santi. Da kaka ta wuce sai surukata ta aiko mini da busasshiya. Na zuba cikin tafin hannu kamar yadda na saba, miyar ta yi duhu ta yi ɗaci, maigida ya yi loma biyu ya tsame hannu. Har na fara zargin ko lalatacciya aka ba ni, kuma ina jin nauyin tambayarta.

Amarya, Dutsin-Ma

'Yata, fara cire zargin nan daga ranki. Matar da ta tsinke ganye ta shanya ta ƙulle ta aiko miki, ƙauna ta aiko. Matsalar awo ce kawai.

Ɗanyen ganye yawancinsa ruwa ne. In ya bushe ruwan ya tafi, ganyen ya ƙanƙance, ƙarfinsa ya taru a ɗan abu kaɗan. Saboda haka cokali 1 na busasshe ake sawa a madadin cokali 3 na ɗanye, in kuma an daka shi ya zama gari a ƙara ragewa. Kin ga ke nan daɗɗoyar tukunya uku kika juye a tukunya ɗaya. Haka na'a-na'a take a shayi, haka gabu yake in ya maye gurbin lawashi.

Lokacin zubawa ma ya bambanta. Busasshe yana son ya shiga tun miya na tafasa, ya jiƙu ya saki ƙamshi. Ɗanye kuwa sai dab da saukewa, don wuta tana kore ƙamshinsa. Kafin ki zuba, murtsuke shi a tafin hannu ki shinshina. In ba ki ji komai ba ya tsufa, ƙari ba zai gyara shi ba.

Amma kada ki ɗauki wannan awo ki kai shi ko'ina. Kuka busasshiya ce, duk da haka a ƙarshe ake kaɗa ta da maburgi, kaɗan-kaɗan, don kada ta yi gudaji. Busasshen zogale na kwaɗo sai an dafa shi ya yi laushi an matse, kuma yana kumbura, don haka ɗiba da sauƙi. Kuɓewa kuwa ni ban ma yarda ana musanya ta ba: miyar ɗanya daban, miyar busasshiya daban, kowacce da ɗanɗanonta, kuma akwai magidantan da ba za su ba da busasshiyar a kan ɗanya ba ko da tsakiyar damina. Citta ma haka: busasshiya ta fi yaji, ita ce ta yajin daka da kunu, ɗanya ta fi ƙamshi a zoɓo.

Na san masu lambu a bakin dam ɗin Zobe suna kawo ɗanyen ganye kasuwa da rani, in da hali ki saya. Sai dai ba kullum aljihun maigida zai ɗauka ba. Damina mai zuwa ki shanya naki: wanke, baza a tabarma mai tsabta a inuwa inda iska ke ratsawa, ba a kan kwanon rufi ba, don rana tana cinye launi da wani ɓangare na amfaninsa. In ya bushe ƙayau, sai kwalba mai murfi, nesa da murhu.

Batun jin nauyi kuma, ɗauki ragowar ƙullin ki je ki gaida surukarki, ki ce, "Inna, nawa kike zubawa a miyar mutum biyu?" Ki tsaya ki ga yadda take ɗiba da yatsunta, ki auna shi da cokalinki in kin koma gida.

Gwaggonku